Yawon ƙafa da iyali a kurmin tsaunin Mambila: zai yiwu da ƙananan yara da dattijuwa?

Abban_Safiya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san tsaunin Mambila da ke jihar Taraba. Idan Allah ya kai mu hutun makaranta na watan Disamba, ina da niyyar kwasar iyalina daga Kano mu je can, domin yaran su ga daji na gaske su taka shi da ƙafarsu. Mu shida ne: ni da uwargida, da yara uku masu shekara 11 da 7 da 3, sai Hajiya mahaifiyata wadda ta haura sittin, tana da ƙarfinta amma gwiwa kan dame ta lokaci-lokaci. Wurare biyu aka ambata mini, wato kurmin Ngel Nyaki da gandun dajin Gashaka-Gumti, kuma tun da babbar 'yata ta ji cewa a can ne dutsen da ya fi kowane dutse tsayi a Najeriya yake, ta ƙwallafa rai sai ta hau shi. Shin akwai hanyar ƙafa da iyali irin nawa za su iya bi su dawo a wuni guda ba tare da an jigata kowa ba?

Ɗan_Serti:
Wa alaikumus salam Malam. Abu na farko, ka lallashi Safiya ta ajiye maganar hawan dutsen nan, wato Chappal Waddi, sai ta ƙara girma. Tsayinsa mita 2,419 ne, yana kan iyakar Najeriya da Kamaru, kuma kwanaki ake yi ana tafiya a ƙafa da jagora da masu dako, ana kwana a tanti, kafin a kai ƙololuwarsa. Samari majiya ƙarfi ma sai sun shirya.

Shi kansa gandun Gashaka-Gumti, wanda aka kafa a 1991, ya fi murabba'in kilomita 6,000, kuma babu gandun dajin ƙasa da ya kai shi girma a Najeriya. Hedikwatarsa tana Serti. Sai dai ya kamata ka san cewa ɓangaren da iyali za su iya kaiwa cikin sauƙi, wajen ƙauyen Gashaka da kogin Kam inda ake ganin dorina, a ƙasa yake ba a kan tsauni ba. Akwai zafi da rana, akwai kuma ƙudan tsando. Idan sanyin tsauni da inuwar kurmi kake nema a tafiyar wuni ɗaya, Ngel Nyaki ya fi dacewa da kai, ko da yake ni mutumin Serti ba na son faɗin haka.

Maigandu_Mai_Ritaya:
Na goyi bayan Ɗan_Serti, amma bari in ƙara bayani a kan yadda wurin yake, domin shi ne zai yanke hukuncin wa zai shiga da wa zai tsaya.

An keɓe Ngel Nyaki a matsayin gandun daji a 1969. Faɗin gandun murabba'in kilomita 46 ne, amma ainihin kurmin bai wuce kusan 7 ba, sauran duk tudun ciyawa ne da ƙananan kurame da ke bin ƙoramu. Yana tsakanin mita 1,400 da 1,600 daga saman teku. Daga ƙauyen Yelwa ake tashi a ƙafa, kuma babba mai sauri zai kai bakin kurmin cikin rabin awa ko makamancin haka.

Abin da baƙi ba su cika ganewa ba shi ne, kurmin ba a saman tudu yake ba, a jikin gangare yake. Dalili kuwa shi ne saman tsaunin makiyaya ce, shanu suna ci kuma ana cinna wa ciyawa wuta duk rani domin sabuwa ta tsiro, saboda haka itatuwa ba su tsira ba sai a inda gangaren ya yi tsanani har wuta da shanu ba sa kaiwa sosai. Ma'ana, za ku iso ta bakinsa na sama, ku fara da gangarawa a lokacin da kowa yake da kuzari, sa'an nan ku hau a ƙarshe bayan kowa ya gaji. Kamar shiga rijiya ne, wahalar tana wajen fitowa. Yaro zai ruga ƙasa da murna yana kiran ku ku zo, kuma kowane taku da ya yi sai an biya shi a dawowa, wani lokaci a wuyan ubansa.

Shawarata ita ce ku kasu gida biyu. Hajiya da ƙaramin yaron da mahaifiyarsa su bi gefen kurmin ta sama, inda tafiyar take a fili, ana hango kan itatuwa daga sama, ana kuma jin tsuntsaye da birai ba tare da an sauka ba. Kai da manyan yaran biyu ku bi jagora ku gangara, amma ku sa agogo: duk lokacin da kuka ɗauka kuna sauka, ku ware ninkinsa biyu domin hawowa.

Bakatsine_77:
Ku gafarce ni, amma ni ban ga hikimar ɗauko dattijuwa mai ciwon gwiwa daga Kano har iyakar Kamaru domin ta yi tafiyar ƙafa ba. Iyayenmu sun sha tafiyar ƙafa a rayuwarsu, abin da suke bukata yanzu hutu ne. Idan sanyi da duwatsu ake so, ga Jos nan kusa, akwai duwatsun Shere, akwai magangarar ruwa ta Assop, a je a dawo cikin kwana biyu.

Ummu_Khalil:
Malam Bakatsine, Jos tana da kyaunta, amma abin da Abban Safiya ya tambaya kurmi ne, kuma duwatsun Shere ba kurmi ba ne. Mun je Ngel Nyaki da yaranmu lokacin da maigidana yake aiki a Jalingo, kuma abin da Baba Maigandu ya faɗa game da dawowa haka yake babu ƙari.

Ina so in yi magana da uwargidan Abban Safiya kai tsaye. 'Yar uwa, kada ki shiga da silifas ko takalmi mai santsi, ki nemi kambas mai ƙarfin ƙasa ke da yaran, kuma a sa su a gida na wasu kwanaki kafin tafiyar domin kada sabon takalmi ya ji wa yaro ciwo a tsakiyar hanya. Dogon hijabi mai jan ƙasa yana kama ƙaya da rassa, gara matsakaici, da wando mai kauri a ƙarƙashin doguwar riga. A cusa ƙafar wandon yara cikin safa saboda kwarkwasa, domin sukan yi layi su ratsa hanya, kuma yaron da ya tsaya a kansu yana kallon sama zai sha cizo kafin a ankara. Shi kuma ɗan shekara uku, ki ɗauka cewa goyo ne, ko da yana tafiya da kansa a gida. Zani da majanyi sun ishe ki a fili, amma ban ba ki shawarar gangarawa da goyo ba, saboda idan santsi ya kwashe ki baya za ki faɗa.

Guzuri kuwa, mu dabino da gyaɗa da kilishi muka riƙe, sai ayaba da piya da muka saya a hanya, waɗanda suke da araha a can ƙwarai.

Direban_Taraba:
Tunda an taɓo nisa, bari in faɗi hanyar. Daga Kano za ku bi ta Gombe da Numan ku kwana a Jalingo. Kashegari da sassafe ku kama hanyar Garba Chede, Bali, Serti, har Mayo Selbe, inda ake fara hawan tsaunin. Hawan nan kwana-kwana ne masu yawa a jikin dutse, gefe ɗaya rami, kuma manyan motoci masu lodin katako da buhuna suna saukowa a kansa. Bayan an gama hawa sai Maisamari, sa'an nan a wuce Yelwa da Nguroje kafin a kai Gembu, hedikwatar ƙaramar hukumar Sardauna. Ke nan ba dole ba ne ku kai Gembu kafin ku ga kurmin.

Ka duba birki da taya da ruwan lagireto tun daga Kano, ka cika tanki a Jalingo ka ƙara a Serti. Kada ka hau ko ka sauka da dare, kuma a saukowa ka riƙe ƙaramar giya maimakon ka yi ta taka birki har ya yi zafi. Ka lissafa kwana biyu zuwa, kwana biyu dawowa. A nan ina ganin Malam Bakatsine yana da gaskiya ta wani ɓangare, domin zaman motar zai fi gajiyar da Hajiya a kan tafiyar ƙafar.

Hajiya_Uwani:
Ni tambayata a kan tsaro ce. Ban ji wanda ya ambace shi ba, alhali mata da yara za a ɗauka.

Ɗan_Serti:
Hajiya, tambayarki a kan hanya take. An yi mummunan rikici a kan tsaunin a 2017, kuma duk wanda ya san yankin ya san maganar filaye tsakanin manoma da makiyaya ba ta da daɗin taɓawa, saboda haka baƙo ya kama bakinsa a kanta. Abin da nake gaya wa duk mai zuwa shi ne ya kira wani mazaunin Gembu ko Nguroje ana saura kwana biyu ko uku ya tashi, ya kuma tambayi direbobin tashar Jalingo halin da hanyar Bali take ciki a wannan makon, domin labarin bara ba ya amfani a bana. Tafiyar rana kawai, kuma kada a shiga daji babu jagora ɗan gari.

Malamar_Labarin_Ƙasa:
Ina so in dawo kan lokacin da aka zaɓa. Zafin iska yana raguwa da kusan digiri 6 da rabi a kowane mita 1,000 da aka hau. Kano tana ƙasa da mita 500, saman Mambila kuwa wajen mita 1,600, saboda haka bambancin zai kai kimanin digiri 7. Wanda ya san sanyin asubar Kano a Disamba sai ya ƙiyasta abin da zai tarar. Da rana kuwa hasken rana yana da kaifi a tsauni ko da jiki bai ji zafi ba, don haka hula mai baki da man shafawa ba ado ba ne ga yara.

Amma a ganina Disamba ba shi ne mafi kyawun lokaci ba. Damina a can doguwa ce, tana kamawa tun wajen Maris ko Afrilu har Oktoba. A Nuwamba ruwa ya ɗauke, tuddai suna nan kore shar, sararin sama a washe. Zuwa ƙarshen Disamba hazon hunturu ya sauka yana rufe nesa, an kuma fara ƙona ciyawa, sai ka tarar da tudun da ka gani kore a hoto ya koma baƙi. Idan da hali, ko hutun tsakiyar zango ne a yi amfani da shi.

Maigandu_Mai_Ritaya:
Malama, maganarki gaskiya ce ga mai son hoto. Ga mai yara kuwa, ni Disamba na fi so, saboda ƙasar kurmin ta bushe. A farkon Nuwamba gangaren yana nan da laima, ganyen da ya zube ya ruɓe a kan jar ƙasa, ga saiwoyi a kwance a hanya, kuma babu abin da ya fi wannan haɗin santsi. Shi kurmin ba ya kaɗe ganye da rani kamar dajinmu na Arewa, a kowane wata za su same shi kore. Abin da za su rasa shi ne hangen nesa kawai.

Malamar_Labarin_Ƙasa:
Na karɓi wannan gyara, Baba, ta fuskar santsi. Amma Hajiya da za a bari a sama, hangen nesan nan shi ne rabonta a tafiyar. Idan hazo ya rufe, me ta je gani?

Nas_Rabi:
Ga abin da ya shafi lafiya. Ciwon da ke kama masu hawan dutse saboda ƙarancin iska galibi sai an haura mita 2,500 yake farawa, don haka a Ngel Nyaki ba shi ne abin tsoro ba, ko da yake za ku ji numfashi yana ɗan sama-sama a hawa. Abin da ya fi kusa da ku shi ne amai a mota a hawan Mayo Selbe, saboda haka kada a cika wa yara ciki da maiƙo kafin a hau, a kuma ajiye leda da ruwa a kusa.

Ƙaramin yaro yana saurin rasa ɗumin jiki fiye da babba, musamman wanda yake goye ba ya motsi, don haka a sa masa riguna biyu ko uku marasa nauyi da za a iya ragewa, da hula da safa. Kada a sha ruwan ƙorama komai haskensa, domin shanu suna sha a samansa. A riƙe ruwan gora, da garin gishiri da sukari na gudawa, da filasta da bandeji. Da yamma a duba jikin yara saboda kaska, musamman bayan kunne da hammata da matsematsi, tunda makiyaya za ku ratsa. Ku tafi da gidan sauro, domin Jalingo da Serti ƙasa ce mai zafi kuma sauro yana nan.

Game da Hajiya, gangarawa ta fi hawa cutar da gwiwa, saboda nauyin jiki a kanta yake sauka a kowane taku. Ta riƙe sanda ko da tana jin kunyarta, ta ga likitanta kafin tafiya, kuma idan tana shan maganin hawan jini ko na sukari ta ɗauki wanda zai ishe ta har da ƙari.

Sadiq_Zariya:
Wani abokina ya ce mini akwai biri mai ganga (wanda Turawa ke kira chimpanzee) a wannan kurmi. Idan haka ne, ai wannan kaɗai ya isa ya mantar da Safiya maganar dutse.

Maigandu_Mai_Ritaya:
Akwai su, ɗana, amma kada a yi wa yarinya alkawarin da ba za a cika ba. 'Yan kaɗan ne, ba su saba da mutane ba, kuma sukan ji tahowarku tun kafin ku hango su. Abin da mai sa'a zai samu shi ne ya ga sheƙar da suke yi da rassa a kan itace domin kwana, ko ya jiyo ihunsu da dukan da suke yi wa faffaɗan gindin itace. Waɗanda aka fi gani su ne baƙin biri mai farin hanci, da kirka a bakin kurmi, da tsuntsaye iri-iri, kuma da sassafe ne suka fi fitowa.

Akwai tashar bincike a bakin kurmin, ta aikin da Hazel Chapman ta jami'ar Canterbury da ke New Zealand ta assasa. Mahaifinta ma ya yi aikin gandun daji a wannan yanki a shekarun 1970. Matasan Yelwa da yawa sun koyi aiki a can, sun san itatuwa da sunayensu, sun san inda kowane biri yake ci, kuma irinsu ne jagoran da ya kamata a nema wa yara, domin za su mayar da tafiyar darasi. Sai dai wurin aiki ne ba masauki ba, a nemi izini tun kafin a zo. Za ku ga wuraren da aka kewaye da waya domin hana shanu da wuta shiga, a nuna wa yara bambancin cikin waya da wajenta, za su fahimci abin da na faɗa a sama da idonsu.

Nas_Rabi:
Ƙari a kan maganar Baba: biri mai ganga yana ɗaukar mura da tarin mutane, kuma abin da yake ɗan tari a wurinmu yana iya kashe shi. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa a Uganda da Ruwanda ba a barin wanda bai kai shekara 15 ba ya je kallon gorila. Duk yaron da ya tashi da mura a ranar, ya tsaya a sama tare da kakarsa. Kada kuma a bar ragowar abinci ko leda a ciki.

Ɗan_Banyo:
Gaisuwa daga Kamaru. Mu da ke wannan gefen, tsaunin nan ɗaya ne a wurinmu, dangi ne a ɓangarorin biyu. Kafin ƙuri'ar raba gardama ta 1961 yankin Gembu yana cikin Kamaru ta Arewa da Ingila take riƙo, bayan ƙuri'ar ne ya shiga Najeriya aka kira lardin da sunan Sardauna. Abin da zan ƙara wa Abban Safiya shi ne, Hausa za ta yi masa aiki a kasuwa da tasha, amma a ƙauyuka da rugage Fulatanci ya fi tafiya, ga kuma harshen Mambila da na Kaka da sauransu. Idan kun isa Yelwa ku fara gaida mai gari kafin ku nufi daji. Ku ja wa yara kunne kada su kori shanu ko su ratsa tsakiyar garke, kuma kada a ɗauki hoton mace ko ruga sai an tambaya.

Bakatsine_77:
Duk na karanta, kuma har yanzu ina kan bakana game da Hajiya. Kwana huɗu a mota domin tafiyar awa biyu a gefen daji. A tambaye ta tukuna, kada a yanke mata.

Ummu_Khalil:
A nan kam na yarda da kai, Malam, a tambaye ta. Amma ba gefen daji kaɗai za ta gani ba. Akwai gonar shayi ta Kakara, inda ake yin Highland Tea, kuma yawo a tsakanin layukan shayin nan ya fi kowane wuri sauƙi ga dattijuwa da ƙaramin yaro. Surukata ba ta sauka kurmi ba, amma har yau labarin gonar shayin take bayarwa.

Abban_Safiya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na karanta wa Hajiya abin da Malam Bakatsine ya rubuta, ta ce a gaya masa ta gode da tausayawa amma ba za a bar ta a gida ba. Mun tsayar da Disamba saboda makaranta, za mu kuma bi shawarar Baba Maigandu ta kasuwa gida biyu. Abin da ya rage mini shi ne ɗan shekara bakwai ɗin. Mahaifiyarsa tana ganin ya tsaya a sama, shi kuwa ya ce duk inda yayarsa ta sa ƙafa sai ya sa. Sa'an nan a ina ya fi dacewa mu sauka, Nguroje ko Gembu?

Malamar_Labarin_Ƙasa:
Masu hawan dutse suna lissafa awa ɗaya ga kowane kilomita 5, su ƙara awa ɗaya ga kowane mita 600 na hawa, kuma wannan lissafin babba ne mai lafiya. Ga yaro ɗan bakwai ka ninka shi. Ka gwada shi tun yanzu a Dutsen Dala ko Goron Dutse, ya hau ya sauko ya sake hawa da takalmin da zai tafi da shi. Idan ya yi ba tare da ya nemi a ɗauke shi ba, ni ban ga abin hana shi ba.

Nas_Rabi:
Ni ina tare da mahaifiyarsa. Dala matakala ce a tsakiyar gari, idan ya gurɗe ƙafa Keke Napep na jira a ƙasa. A cikin kurmi kuwa mutum ɗaya ne babba da yara biyu, sai jagora.

Maigandu_Mai_Ritaya:
To a ɗauki jagora biyu, ɗaya a gaba ɗaya a baya, kuɗin bai taka kara ya karya ba. A shiga da shi rabin awa a juyo, idan Safiya tana son ƙari ta koma washegari ita da mahaifinta.

Direban_Taraba:
Maganar masauki, Nguroje ta fi kusa da Yelwa da Kakara, Gembu kuwa ta fi yawan masauki kuma a can babban asibitin yankin yake. Da Hajiya da ƙaramin yaro a tafiyar, ni Gembu zan zaɓa, in jure fitowar asuba. Ko'ina kuka sauka ku tambaya ko ana dafa ruwan wanka, ku kuma tafi da bargunanku.

Ɗan_Serti:
Ni kuwa sai in ce ku raba, kwana biyu a sama, sa'an nan a dawowa ku kwana a Serti maimakon ku zarce Jalingo a gajiye. Da safe ku shiga ofishin gandun ku nemi ma'aikacin da zai raka ku bakin kogin Kam. A Disamba ruwa ya ja baya, hanyar Gashaka tana biyuwa da mota mai tsayi, sai dai a sa wa yara riga mai dogon hannu mai haske, domin tsando ya fi bin baƙi da shuɗi.